Yadda makaho zai zaɓi kibod da manhajar imel, ya riƙa karanta wasiƙunsa da kansa

Tun da na fara koya wa 'yan'uwana makafi kwamfuta a nan Jos, tambayoyi biyu ne ba sa yankewa: wane kibod zan saya, kuma da me zan riƙa buɗe imel? Ɗaliban Jami'ar Jos suna yi mini su, yaran da suka taso daga makarantar makafi ta Gindiri suna yi, haka ma manyan da ido ya tafi bayan sun riga sun kama aiki. Na amsa a waya har na rasa iyaka, shi ya sa na ga gara in rubuta abin a jere, wanda ya samu ya karanta wa wanda bai samu ba.

Wata malamar makaranta ce ta sa na ɗauki maganar da muhimmanci. Hawan jinin ido ne ya ɗauke mata gani tana da shekara arba'in da 'yan kai. Ranar da aka kawo ta wurina, kafin ta gama zama ta ce, "Malam, ni ba gwanintar kwamfuta na zo nema ba. So nake in daina ba yaro kalmar sirrina." Ɗan ƙanwarta ne ke karanta mata imel. Maganar albashinta ta bakinsa take ji, sakamakon asibiti ma ta bakinsa. Yaron kirki ne, amma sirri in ya bi ta baki biyu ya tashi daga sirri. Duk abin da zan faɗa a ƙasa hanya ce ta kaiwa inda ta nema, kuma jerin matakan yana da dalili: manhajar karanta allo tukuna, sai kibod, imel ne na ƙarshe. Masu farawa da imel su ne ke dawowa suna cewa kwamfuta ba ta makaho ba ce.

Mataki na 1: Ɗora manhajar da za ta yi maka magana

In kwamfutarka Windows ce, to tana da murya tun daga kamfani. Danna maɓallin Windows da Control da Enter tare, Narrator zai fara magana. Da shi za ka lallaɓa ka sauke wadda ta fi shi, ba sai ka jira mai ido ba.

Wadda nake ɗora kowa a kai ita ce NVDA. Kyauta ce, makafi biyu ne 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka gina ta, aikin ya faro a 2006, kuma ƙungiyarsu ta NV Access ce ke kula da ita har yau. Daga shafinsu za ka sauke ta, ba ta kai megabayit 100 ba. JAWS ma gwana ce, ofisoshi da dama ita suka sani, sai dai lasisinta da dala ake saya, in ba ka biya ba kuma minti 40 take aiki ta tsaya sai ka sake kunna kwamfutar. In wurin aikinka ya saya maka, riƙe ta. In daga aljihunka ne, NVDA ta ishe ka.

Wajen girkawa za a tambaye ka ko kana so ta yi magana a wurin shiga Windows. Amince. In ba haka ba, duk lokacin da ka kunna kwamfuta sai ka shigar da kalmar sirri cikin shiru. Bayan nan akwatin maraba zai fito da abu biyu masu muhimmanci: tsarin kibod, ko Desktop ko Laptop, da kuma zaɓin mai da Caps Lock ya zama maɓallin NVDA, wato maɓallin da ake haɗawa da wasu a ba ta umarni, wanda a asali Insert ne. Sa alama a kan na Caps Lock ɗin ko da kibod ɗinka yana da Insert, za ka gode mini ranar da ka zauna a gaban kwamfutar da ba ta da shi.

Umarni huɗu sun ishe ka yau. Control da Alt da N na tada NVDA. Control shi kaɗai na sa ta yi shiru. Maɓallin NVDA da N na buɗe jerin saitinta. Maɓallin NVDA da 1 na kunna taimakon kibod, wato duk maɓallin da ka taɓa za ta faɗi sunansa ba tare da ya aikata komai ba, sai ka sake danna su ka fita. Wannan na ƙarshe shi ne makaminka a kasuwa.

Kafin ka tashi, shiga Tools ka zaɓi Create portable copy, ka zuba NVDA a filash. Da wannan filash za ka sa wata kwamfutar Windows ta yi magana ba tare da an girka komai ba.

Gargaɗi: kada ka yarda mai gyara ya ɗora maka JAWS ɗin da aka fasa. Sau da yawa da ƙwayar cuta take zuwa, kuma ranar da Windows ya sabunta kansa tana iya yin gum, ka rasa mai faɗa maka abin da ya faru. Sannan ka sani sababbin NVDA, tun daga ta 2024, ba sa aiki a Windows 7, shi ma Windows 10 kamfanin Microsoft ya daina tallafa masa a ranar 14 ga Oktoba 2025. In yanzu za ka sayi laftof, nemi mai ɗaukar Windows 11.

Mataki na 2: Zaɓen kibod, da yatsunka

Masu ido na cewa gani ya kori ji. Mu a wurinmu taɓawa ce ke korar ji. Kada ka aiki kowa ya sayo maka kibod, kada ka saya a kwali a rufe. Ka tafi da kanka shagunan kwamfuta na wajen Terminus da titin Ahmadu Bello, da laftof ɗinka a jaka in kana da shi, in babu ka tafi da filash ɗin nan. In a Abuja kake, Banex da ke Wuse 2 nan ne matattarar kayan.

Na taɓa shiga wani shago na ce ina son kibod mai Insert da maɓallin Applications. Yaron shagon ya ce, "Oga, ai duk ɗaya ne, wannan ma ya fi kyau, har wuta yake kawowa kala-kala." Na ce, "Ƙanena, miƙo in ji." Ina ɗora hannu na ji maɓallan a shafe kamar tabarma, babu tazara tsakanin kibiyoyi da sauran, layin sama kuma a manne tun daga Escape har ƙarshe. Ba laifinsa ba ne, abin da mai ido ke dubawa ya faɗa mini. Kai ga abin da za ka duba.

Fara da girma. Cikakken kibod mai maɓallai 104 ko 105 shi ne na mai koyo, domin komai yana da unguwarsa. Shafa layin sama: F1 zuwa F12 su kasance rukuni uku, huɗu-huɗu, da ɗan fili a tsakani. Wannan filin ne zai sa yatsanka ya sauka a F5 ko F8 ba tare da ƙirge ba, kuma za ka ji nan gaba yadda imel ke buƙatar su. Gangaro dama: Insert, Home, Page Up a sama, Delete, End, Page Down a ƙasa, shida a dunƙule su kaɗai. A ƙarƙashinsu kibiyoyi huɗu, uku a jere ɗaya a bisansu, ba su jingina da kowa ba. Can ƙarshen dama kuma rukunin lambobi, wanda NVDA ke amfani da shi wajen bin allo in kana tsarin Desktop.

Sai ka koma tsakiya ka nemi 'yan ƙurajen da ke kan F da J, da na kan 5 a rukunin lambobi. Su ne gidan yatsunka. A kibod na hannu sau da yawa sun suɗe. Ka tuna da sanyin Jos a Disamba da Janairu, lokacin da yatsu ke ƙandarewa da asuba: ƙurjin da da ƙyar ka ji shi da rana a shago, ba za ka ji shi ba sam a wannan lokacin.

A layin ƙasa, dama da dogon maɓallin tazara, nemi maɓallin Applications tsakanin Alt da Control. Shi ne madadin danna dama a linzamin kwamfuta. Kamfanoni da yawa sun cire shi sun sa Fn a gurbinsa. In babu shi, Shift da F10 na yin aikinsa, amma in akwai ya fi sauƙi.

Yanzu maganar da ta fi wahalar da ɗalibaina: kibod ɗin Ingila da na Amurka. Kayan da ake kawo mana na hannu gauraye suke. Shafa Enter. In dogo ne daga sama zuwa ƙasa, ya ci layi biyu, kuma Shift na hagu gajere ne da wani ƙaramin maɓalli a gefensa, na Ingila ne. In Enter a kwance yake a layi ɗaya, Shift na hagu dogo, na Amurka ne. Abin da ya sa wannan ya shafe ka shi ne alamar @, wadda babu adireshin imel sai da ita. A tsarin Amurka Shift da 2 ne. A tsarin Ingila Shift ne da maɓalli na biyu a dama da L. Kuma ba rubutun da ke jikin maɓallin ne ke yanke hukunci ba, tsarin da aka saita a Windows ne. Wani ɗalibina ya kwana uku yana rubuta adireshi ana ce masa ba daidai ba, ashe alamar zance yake sawa a wurin @, ga shi ya kashe faɗin haruffa bai ji ba. Windows da maɓallin tazara na sauya tsarin, NVDA za ta faɗa maka wanda ka koma.

In siffar ta yi maka, jona shi, kunna taimakon kibod, ka bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Kada ka ji kunyar ɓata wa mai shago lokaci, minti biyar ne. Sannan ka gwada uku-uku a tare: Control da Shift da R, Caps Lock da Shift da kibiya, Insert da Control da S. Wasu masu arha ba sa iya ɗaukar wasu maɓallai uku a lokaci guda, mu kuwa rabin aikinmu da uku-uku ne.

Mai waya ko marar waya? Ni mai waya nake ba mai koyo shawara. Marar waya in batirinsa ya kusa ƙarewa ɗan haske yake nunawa, hasken da ba za ka gani ba, sai dai kawai ka ji haruffa na ɓacewa, ga ɗan ƙaramin abin da ake soka wa kwamfuta wanda in ya faɗi ƙasa sai an tara gida ana nema. Mai waya shi ne mafi arha a duk kayan da za ka saya, irin su Logitech K120 ko waɗanda ke zuwa da kwamfutocin Dell da HP na ofis. Tsohon kibod na ofis mai nauyi, in maɓallansa na da lafiya, ya fi sabo marar suna mai sheƙi. Akwai kuma masu ƙara, waɗanda kowane maɓalli ke da nasa makunni, suna ƙas-ƙas in ana bugawa. Suna da daɗi a yatsa ƙwarai, amma kuɗinsu ya ninka na gama-gari sau da yawa, ƙararsu kuma tana gogayya da muryar da kake saurare. Ba da su ake farawa ba.

Gargaɗi ga masu laftof: a yawancinsu layin F ba F ba ne sai ka haɗa da Fn. In ka danna shi haka kawai, ƙarar sauti zai rage, ko ya kashe intanet, ko ya kashe sautin ɗungurungum, wanda a wurinmu daidai yake da ɗauke wuta. A Dell da Lenovo da dama Fn da Escape na gyara wannan. A HP da yawa sai an shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, an kashe Action Keys Mode, kuma BIOS ba ya magana, don haka ka sa mai shagon ya yi maka tun kana wurin. Ka sa ya nuna wa yatsanka maɓallin kashe sauti, ka haddace inda yake. Ka kuma kashe faifan shafawar da ke gaban kibod, domin tafin hannunka zai riƙa taɓa shi yana jefa ka inda ba ka nufa ba.

Da ka isa gida, sa alama a 'yan wurare: ɗigon jan farce ko na gam a kan F4, F8, Delete da maɓallin kashe sauti, ka bari ya bushe sosai kafin ka taɓa. Kada ka wuce biyar ko shida, in alama ta yi yawa ta daina zama alama. Ka samo ƙyalle ka riƙa rufe shi, ƙurar hunturu ba ta raga wa maɓalli. Sai abin saurare na kunne, shi ma mai waya, domin na Bluetooth yakan yi jinkiri ya kuma haɗiye farkon kalma.

Mataki na 3: Saita murya da haruffan Hausa

Muryar Turanci in ta ci karo da Hausa sai ta dagula ta, ƙ da ɗ da ɓ kuma wani lokaci ta tsallake su, "ƙasa" ta koma "asa". Dabara biyu nake yi. Ta farko, maɓallin NVDA da Control da S, ka zaɓi eSpeak NG, sannan maɓallin NVDA da Control da V ka sauya muryar zuwa Swahili. Muryar ba ta da daɗi, kamar ta cikin gwangwani take, amma wasulanta sun yi kusa da namu, bayan kwana biyu kunnenka zai saba. Ta biyu, shiga Preferences, Speech dictionaries, Default, ka ƙara shigarwa uku: ƙ a riƙa furta ta k, ɗ a furta ta d, ɓ a furta ta b, ka zaɓi Anywhere. Wannan bai taɓa rubutun ba, furucin kawai ya gyara.

Don rubuta su kuwa, Windows na da tsarin kibod na Hausa. A Settings, ƙarƙashin Time and language, ka ƙara harshen Hausa. In ka koma kansa, Alt na dama da K zai ba ka ƙ, da D ya ba ka ɗ, da B ya ba ka ɓ.

Maɓallin NVDA da 2 na kunna faɗin kowane harafi da ka buga, da 3 kuma faɗin kalma. Mai koyo ya bar na haruffa a kunne. Saurin murya kuma kada ka yi gasa da tsofaffin hannu da kake ji muryarsu na gudu kamar ruwan sama a kwano. Ƙara kaɗan duk mako.

Gargaɗi: in ka danna Shift sau biyar a jere, ko ka riƙe Shift na dama daƙiƙa takwas, Windows zai yi ƙara ya tambaye ka ko ya kunna Sticky Keys ko Filter Keys. Danna Escape. In ka amince bisa kuskure, kibod zai koma kamar ya lalace alhali lafiyarsa lau.

Mataki na 4: Zaɓen manhajar imel

Adireshin imel daban, manhajar da ake buɗe shi da ita daban. Adireshinka na Gmail ko Yahoo kamar akwatin gidan waya ne, manhajar kuma ita ce ɗan aiken da ke ɗauko maka wasiƙun. Kana iya canza ɗan aike akwatin na nan.

Da yawa daga cikinmu mun dogara da sassauƙan shafin Gmail da ake kira Basic HTML, Google ya rufe shi a farkon 2024. Manhajar Mail da ke zuwa da Windows ita ma an daina tallafa mata a ƙarshen 2024. Duk wanda ya koya maka ɗayan biyun nan, tsohon karatu ya ba ka. Abin da ya rage uku ne.

Thunderbird kyauta ce, tana tafiya da NVDA lafiya, kuma tana ajiye wasiƙu a cikin kwamfutarka. Wannan na ƙarshe shi ya sa na fifita ta a garin da sabis ke zuwa yana tafiya: ka sauke wasiƙu lokacin da intanet ke da ƙarfi, ka karanta ka rubuta amsa a natse ko babu data, ka tura daga baya. Outlook na asali, wanda ke cikin Office, shi ne na ma'aikacin da ofishinsa ke aiki da kalanda da tarurruka, kuma da JAWS da NVDA duk sun san shi sosai, sai dai na kuɗi ne. Ka bambanta shi da sabon Outlook da ke zuwa kyauta a Windows 11, wanda shafin intanet ne aka sa wa rigar manhaja, halinsa daban ne. Na uku shi ne buɗe Gmail kai tsaye a Chrome ko Firefox, wanda ya dace da wanda ba shi da kwamfutar kansa.

In ka rasa na zaɓa, ɗauki Thunderbird. Sauran bayanin a kanta zan yi.

Mataki na 5: Haɗa Thunderbird da akwatinka

Ajiye wayarka kusa, a kunne, da TalkBack ko VoiceOver, wato manhajar da ke karanta allon waya, domin Google zai iya turo lambar tabbatarwa. Buɗe Thunderbird, za ta nemi sunanka da adireshinka. Rubuta sunan yadda kake so mutane su ji shi, cikakke, harafin farko babba. Tab ke kai ka gaba, Shift da Tab ke mai da kai baya. Za ta nemo saitin da kanta ta ba ka zaɓi tsakanin IMAP da POP. Zaɓi IMAP. Da shi abin da ke kwamfuta da abin da ke waya duk ɗaya ne, in ka karanta a nan an karanta a can. POP yana iya kwashe wasiƙun ya tara a kwamfuta ɗaya, ranar da ta mutu ka shiga uku.

Daga nan wata taga za ta buɗe ta shafin Google, a can za ka sa kalmar sirri ka danna Allow. Nan mutane ke ɓacewa, domin wani lokaci tagar na buɗewa NVDA ba ta shiga cikinta ba, sai ka ji shiru. Alt da Tab zai kai ka, maɓallin NVDA da T zai faɗa maka sunan tagar da kake ciki. A gurbin kalmar sirri "star" kawai za ka riƙa ji a madadin haruffa, haka aka tsara don kada na kusa ya ji. Buga a hankali, ka tabbata Caps Lock bai kunnu ba.

Gargaɗi kan data: in akwatinka ya shekara goma yana tara kaya, Thunderbird za ta fara sauke su duka, ta cinye maka data a dare ɗaya. Kafin ta yi nisa, shiga Account Settings, Synchronization and Storage, ka zaɓi ta sauke na kwana 30 na baya kawai. A wurin kuma akwai inda za ka hana ta sauke manyan saƙonni sai ka buɗe su.

Sai gyara uku da za su sauƙaƙa wa kunnenka. Danna F8 ka rufe ɓangaren da ke nuna wasiƙa a gefe, mu ba ya mana amfani, nauyi kawai yake ƙarawa. A menu na View, wanda Alt da V ke buɗewa, shiga Sort by ka zaɓi Date da Descending don sabuwar wasiƙa ta zauna a sama, ka kuma zaɓi Unthreaded don kada amsoshi su ɓuya a ƙarƙashin juna. Tun sauyin fasalin da aka yi mata a 2023 jerin wasiƙu na da siffa biyu, Cards da Table. Gwada duka, ni Table ta fi yi mini daɗin saurare.

Mataki na 6: Karatu, amsa da turawa

F6 ke zagaya da kai tsakanin jerin folda da jerin wasiƙu. F5 ke ɗauko sababbi. Kibiyar sama da ta ƙasa ke bin jerin, N ke tsallakawa zuwa wadda ba ka karanta ba, Enter ke buɗewa. In ta buɗe, maɓallin NVDA da kibiyar ƙasa zai karanta ta daga inda kake har ƙarshe, a tsarin Laptop kuma maɓallin NVDA da A. Control da W ke rufe ta ka koma jeri.

Sabuwar wasiƙa Control da N. Za ka faɗa a gurbin adireshi, ka rubuta, ka danna Enter, sai Tab zuwa gurbin take, sai Tab zuwa jikin wasiƙa. Kada ka bar take fanko, wasiƙa marar take ita ake fara watsarwa a ofis. Control da Enter ke turawa. In babu sabis, Control da Shift da Enter zai ajiye ta a akwatin fita har sabis ya dawo. Amsa Control da R, miƙa wasiƙa ga wani kuma Control da L.

Gargaɗi: Control da R mai wasiƙar kaɗai yake amsa wa, Control da Shift da R kuwa duk wanda aka sa a wasiƙar zai samu. Yatsa ɗaya ne tsakaninsu. Mai ido yana hango sunaye ashirin a sama ya ankara, kai sai ka je ka saurara. Haka kuma in ka fara rubuta adireshi, manhajar na ƙarasa maka da wanda ta ga dama cikin masu irin sunan, ga shi Musa da Aisha ba su da iyaka a wayar kowa. Ka mai da shi ɗabi'a: kafin Control da Enter, yi Shift da Tab ka koma sama ka ji wa za ta je wa.

Maƙala takarda Control da Shift da A ne. Taga za ta buɗe, Shift da Tab zai kai ka jerin fayiloli, ka nemo naka ka danna Enter. Sauƙin wannan yana ga yadda ka adana kayanka tun farko: folda ɗaya, sunaye masu ma'ana. Takardar da aka sa wa suna "scan0047" ba mai gane ta da kunne. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabayit 25 a wasiƙa ɗaya. Thunderbird na tunatar da kai in ka ambaci maƙala abu ba ka maƙala ba, amma kalmomin Turanci ta sani. A Settings, ƙarƙashin Composition, akwai Keywords, ka ƙara mata "maƙala" da "takarda". Mai neman aiki ya yi wannan tun yau.

Za a riƙa turo maka takardun da hoto ne kawai aka ɗauka, sanarwar ofis ko jadawalin jarrabawa, ka buɗe NVDA ta ce babu komai. Danna maɓallin NVDA da R, za ta yi ƙoƙarin gano rubutun da ke cikin hoton ta karanta maka, Escape ya fitar da kai. In hoton a karkace yake ko da hannu aka rubuta, ba za ta iya ba. Ka rubuta wa wanda ya turo cikin ladabi ka nemi ya turo da rubutu. Haƙƙinka ne, kuma dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 tana bayanka.

In Outlook ofis ya ba ka, yawancin abin ɗaya ne, bambancin kaɗan: Control da F ke miƙa wasiƙa, Alt da S ke turawa, F9 ke ɗauko sababbi, Control da Shift da I ke mai da kai akwatin shiga, Control da 2 ke buɗe kalanda.

Mataki na 7: In kwamfutar ba taka ba ce

A shagon intanet ko ɗakin kwamfuta na makaranta, soka filash ɗinka da abin kunnenka, ka tada NVDA, ka buɗe Gmail a burauza. Tun a gida ka shiga saitin Gmail ka kunna Keyboard shortcuts, domin a kashe suke zuwa. Sirrin shafin shi ne maɓallin NVDA da maɓallin tazara, wanda ke sauya NVDA tsakanin yanayin karatu da yanayin da take barin maɓallai su wuce kai tsaye zuwa shafin. A na biyun ne gajerun hanyoyin Gmail ke aiki: C sabuwar wasiƙa, J da K bin jeri, Enter buɗewa, R amsa, U komawa jeri, G sannan I akwatin shiga. In ka danna C ka ji ta ce babu wani abu a gaba, a yanayin karatu kake, sauya. A saitin kuma ka mai da Undo Send daƙiƙa 30, don in ka tura bisa kuskure ka samu damar janyewa.

Maɓallin NVDA da Control da Escape na baƙanta allon gaba ɗaya, kai kana ji, na bayanka ba ya ganin komai. In burauza ta tambaya ko ta adana kalmar sirri, ka ƙi. In ka gama kada ka rufe taga kawai ka tashi, sai ka nemi Sign out ka ji da kunnenka cewa ka fita.

Gargaɗi kan 'yan damfara, a kowace kwamfuta kake: wasiƙar da ta ce an rufe asusunka na banki, ko ka ci tallafin nakasassu, ka danna nan ka sa BVN da lambar katinka, ƙarya ce. Suna sa sunan banki a sama, adireshin da ke ƙarƙashi kuwa na wani ne can daban, muryar kuma sunan take fara karanta maka. Bi adireshin harafi-harafi da kibiyar dama. In ka tsaya a kan mahaɗi, maɓallin NVDA da K zai faɗa maka ainihin inda zai kai ka kafin ka danna. Banki ba ya neman lambar sirrinka ta imel.

Mataki na 8: Canza kalmar sirri

Wannan na bari a ƙarshe da gangan, domin sai hannunka ya zauna. Ka yi mako guda kana tura wa kanka wasiƙa kullum, da take, da takarda a maƙale, kana buɗewa kana amsawa. Ranar da ka yi sau uku a jere ba ka nemi kowa ba, shiga asusunka na Google, ɓangaren Security, ka canza kalmar sirrin da wasu suka sani. Zaɓi jimlar Hausa mai tsawo da za ka iya riƙewa, ka haɗa da lambobi, amma kada ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ a ciki, domin wata kwamfutar ba za ka same su ba. Ka duba lambar wayar da ke kan asusun ka tabbata taka ce, ba ta wanda ya buɗe maka shi shekarun baya ba. A wurin kuma akwai jerin na'urorin da asusunka ke buɗe a cikinsu, ka fitar da duk wadda ba taka ba. Thunderbird da wayarka za su sake neman ka shiga, ka shiga da sabuwar.

Malamar nan a mako na biyar ta kai wannan matakin. Ta sa abin kunnenta, na koma gefe na ba ta wuri, ina jin ƙarar maɓallan a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama ta cire abin kunnen ta ce, "Malam, akwai wasiƙa daga asibiti tun shekaranjiya. Bari in je gida in karanta."